Bayan Bak: ɗalibin da makinsa ya yi hawa da sauka, wace ƙofar jami'a ce tasa?

Kowace shekara, da zarar sakamakon Bak ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidajenmu, daga Madarunfa zuwa Matamai, daga Ƙonni zuwa Yamai. Yaro ya samu, alhamdu lillahi, amma takardunsa na lise ba su yi kyau duka ba. Wata shekara ya yi sama, wata ya yi ƙasa, ko ya maimaita aji, ko lissafi ya ƙi shi alhali yana da ƙarfi a sauran darussa. To, jami'a za ta karɓe shi? Uwaye a ƙauye suna tambaya. Ƴan uwa da ke Aljeriya, Libiya, Abijan ko Legas, waɗanda sau da yawa su ne ke aiko kuɗin karatun, su ma suna tambaya ta waya.

A ƙa'ida, Bak ita ce mabuɗin jami'a a Nijar. Wanda ya kai maki 10 bisa 20 ya samu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda a shekarun baya-bayan nan waɗanda ke faɗuwa sun fi masu samu yawa nesa ba kusa ba. Wuraren karatu ma sun ƙaru. Da can Yamai kaɗai ake dosa, inda jami'ar Abdu Mumuni take. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ga kuma jami'ar Musulunci ta Say.

Sai dai fa ƙofofin ba faɗinsu ɗaya ba. Sassan da ke ɗaukar jama'a da yawa, irin su adabi, tarihi, shari'a da tattalin arziki, sun fi sauƙin shiga. Inda ake tankaɗe da rairaya shi ne karatun likita, da cibiyoyin fasaha na IUT, da manyan makarantu irin su EMIG ta ma'adinai a Yamai. Can gurabe kaɗan ne, don haka ana buɗe takardun ɗalibi a duba, ko kuma a yi gasar shiga. Haka ma tallafin karatu da hukumar ANAB ke kula da shi, musamman na fita waje kamar Maroko da Aljeriya: ana duba yawan maki, ana duba shekarun haihuwa. A nan ne maimaita aji ke cizo, domin yaron da ya shiga lakwal a makare, ya kuma maimaita sau biyu, yana iya wuce shekarun da aka ƙayyade ko da kansa na ja.

Abin da muke so jama'a su gane shi ne, raunin maki iri-iri ne, kuma inda raunin ya faɗa shi ke yanke hukunci. Darussa ba nauyinsu ɗaya ba. A sashen A, falsafa, Faransanci da harsuna ke da nauyi. A sashen C lissafi da fizik, a sashen D kuma har da ilimin halittu. Mu ɗauki misali kawai: a ce darasi ɗaya nauyinsa 5, ɗayan 2. Yarinyar da ta ci 14 a mai nauyi, ta ci 6 a maras nauyi, ta tashi da kusan 12. Wadda ta ci 6 a mai nauyi, 14 a maras nauyi, ta tashi da 8 da ɗan wani abu. Maki iri ɗaya suka ci, amma ɗaya ta wuce, ɗaya ta tsaya. Haka abin yake wajen zaɓen fanni a jami'a. Yaron da ya ci 15 a tarihi da 7 a lissafi ba shi da matsala in ya nemi tarihi ko shari'a. In aka tilasta masa likita don gida na son a ce akwai dokta, an kai shi inda rauninsa zai fito fili, shekara ta tafi, kuɗi su tafi.

Lokacin da raunin ya zo shi ma abin dubawa ne. Wanda ya yi rauni a shekarar farko ta lise, sannan ya miƙe har tarminal, takardunsa na nuna mutum mai tasowa. Wanda ya fara da ƙarfi ya ƙare da sanyi, shi ne mai buƙatar a zauna da shi a ji abin da ya faru.

Mu da ke zaune a karkara mun san abin da ke faruwa ɗin. Yaro ya bar ƙauyensu ya tafi gari, yana zaune hannun mai masauki, wani lokaci abincin rana ma sai an yi dabara. Akwai makarantun da ke yin watanni babu malamin lissafi ko na fizik. Akwai yajin aikin malamai da na ɗalibai. Akwai azuzuwan zana da ba a kafawa sai an gama girbi. A 2024 ambaliyar ruwa ta sa aka ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa ƙarshensa. A wasu yankuna rashin tsaro ya rufe makarantu ɗungurungum. Ga ɗiya mata kuma, aikin gida da maganar aure. Duk wannan yana sauka a kan takardar maki, amma takardar ba ta faɗin dalili. Mai tantancewa a ofis lamba kawai yake gani, sai ya ajiye ɗan ƙauye kusa da ɗan birni da ya yi makarantar kuɗi da malamin gida.

Saboda haka muna kira ga magabatan ilimi mai zurfi da su riƙa bayyana sharuɗɗan kowane fanni tun da wuri, cikin harsunan ƙasa, ta gidajen rediyo, ba a allon jami'a da intanet kaɗai ba. Kowace lise ta samu wanda zai zauna da ƴan tarminal ya nuna musu fannin da ya dace da makinsu. Masu tantancewa kuma su riƙa duba ci gaban ɗalibi daga shekara zuwa shekara, da irin makarantar da ya fito.

Uwaye su ma da nasu aikin. A adana takardun maki na shekaru ukun lise, da takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, kada a bari sai ranar ajiye takardu a shiga neman su. Kada yaro ya nemi wuri ɗaya tak, ya haɗa da inda yake da tabbas. Wanda bai samu likita ba, akwai makarantun kiwon lafiya na ENSP a Yamai da Damagaram, akwai fannin noma da kiwo, akwai koyarwa. Ƴan uwa na waje, kafin ku aiko kuɗin makaranta mai zaman kanta, ku sa a bincika ko gwamnati ta amince da takardar shaidar da take bayarwa. Wanda kuma ya zo muku da cewa zai gyara maki ko ya samo gurbi in an ba shi wani abu, ku guje shi, domin takardar jabu kan tashi da mutum ko bayan shekaru.

Wanda bai samu Bak ba bana, yana iya sake zama baɗi, ko daga makaranta ko a matsayin mai zaman kansa. Wanda ya samu da ƙyar, Bak ɗinsa Bak ce. A zauna da shi, a buɗe takardunsa darasi bayan darasi, a ga inda ƙarfinsa yake kafin a ajiye takardun neman gurbi.