Kyautar Da Ba Mu Taɓa Bayarwa Ba

'Yan'uwa manoma, kowace shekara in kaka ta yi, a wurin nunin amfanin gona akan ba da kyauta ga mai babbar doya, da mai bijimin da ya fi ƙiba, da mai damin dawar da ya fi kyau. Wannan daidai ne, yabon gwani ya zama dole. Amma akwai gwanin da ba a kiran sunansa, wato wanda ya kai iyalinsa da 'yan ƙwadagonsa ƙarshen shekara lafiya lau. A ganinmu lokaci ya yi da ƙungiyoyinmu na gama kai za su keɓe masa tasa kyautar.

Noma aiki ne mai haɗari. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shi cikin ayyuka uku mafi haɗari, tare da haƙar ma'adinai da aikin gini, har ta yi yarjejeniya musamman a kan lafiyar masu aikin gona a 2001. Mu ma shaida ne. Mai feshi yakan dama magani da hannu, in bakin injin ya toshe ya sa bakinsa ya busa. Kwalbar da magani ya ƙare a ciki sai a wanke ta a zuba man gyaɗa. Wani yakan sa ƙwayar Phostoxin cikin buhunan hatsi ya jera su a ɗakin da yara ke kwana, alhali iskar da take fitarwa tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwari. A 2008 'yan mata fiye da 100 na wata makarantar kwana a Jihar Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci waken da aka adana da guba. Ga belin injin niƙa da ke kama riga ko zane. Ga kububuwa cikin ciyawa, wadda ke cika asibitin Kaltungo da manoma lokacin shuka da na girbi.

To, me kyauta za ta yi? Abin da aka yaba a gaban jama'a, shi ake koyi da shi. Yau saurayin da ya sa safar hannu ya rufe hanci kafin feshi, dariya 'yan'uwansa ke yi masa, su ce matsoraci ne. Ranar da aka kira shi gaban taro aka tafa masa, dariyar ta ƙare.

Amma a yi hankali da yadda za a zaɓi mai kyautar. In an ce ta wanda ba a yi rauni a gonarsa ba ce, mutane za su riƙa ɓoye rauni. Yaron da lauje ya yanke sai a ajiye shi a gida, a ƙi kai shi ɗakin magani don kada kyauta ta kuɓuce. Saboda haka a duba abin da mutum ya yi, ba sa'ar da ya samu ba. A naɗa mutum uku, da malamin gona, da ma'aikacin lafiya, da mace ɗaya daga cikin membobi, gama mata ne ke riƙe da rumbu da tukunya. Su zaga gidaje da gonaki ba tare da sanarwa ba, su duba:

Ina ake ajiye maganin ƙwari, a kulle yake nesa da abinci da yara?

An huda kwalaben da suka ƙare don kada a sāke amfani da su?

Mai feshi yana wanka da sabulu ya sake tufafi kafin ya ci abinci?

An rufe belin injin niƙa da na casa?

Ana adana wake a buhun PICS mai riɓi uku, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska ba tare da magani ba?

Wanda ya kawo rahoton haɗari da kansa ya kuma gyara abin da ya jawo shi, a ƙara masa maki, kada a rage.

Wasu za su ce asusun ƙungiya ba kuɗi. Ba mu ce a ba da babur ba. Takalmin roba, da safar hannu, da buhunan PICS biyar, da takardar shaida sun isa, kuɗinsu kuwa bai kai na jinyar mutum ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani.

Tun 2003 duniya ke tunawa da lafiyar ma'aikata a ranar 28 ga Afrilu, wato daidai lokacin da muke shirin shuka. A sanar da gasar a wannan rana, a ba da kyautar bayan girbi. Shugabanni da sakatarori, ku sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taronku na gaba, ku kuma rubuto mana abin da kuka yanke.