Kada mu tsaya ga “a bar wa Allah”

Jama'a, yaro an haife shi a Sabon Ibadan, nan ya yi karatu, ya nemi aikin gwamnati sai a ce masa ba ɗan jiha ba ne. Mu kuwa iyakarmu gunaguni a ƙofar Sarkin Hausawa. Sarki sulhu yake yi, ba shi da ikon tuhumar ma'aikata.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana hukuma nuna bambancin ƙabila, addini ko asali. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofishi a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo. Amma in magana ta wuce wata 12 ba ta saurare. Ku rubuta ranar, da sunan jami'in, da abin da ya faɗa, ku haɗa da kwafin takardun neman aikin, ku kai.