FILIN KIMIYYA: Awon Abin Da Ido Ba Ya Gani



Yau za mu yi magana ne kan wasu 'yan bututu da ake kira nanotub. Da sinadarin kabon aka yi su, wato asalin gawayin da ake girki da shi a gidajenmu. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Sumio Iijima, ya bayyana su a 1991. Mafi siranta a cikinsu, sai an jera wajen 50,000 kafin su kai kaurin gashin kai guda.

To, yaya ake auna tsawonsu a cikin ruwa? Da farko dai ba sa son ruwa, dunƙulewa suke yi, sai an zuba musu wani abu mai kama da sabulu ya raba su. Sa'an nan a haska musu hasken lesa. Ƙwayoyin ruwa ba sa hutawa, kullum cikin tunkuɗar su suke. Gajeren bututu yana saurin yawo, dogo kuwa jan jiki yake, kamar ɗan bensikin da tirela a cunkoson Ndokoti. Daga yadda hasken ke rawa ake gane saurinsu, daga saurin kuma a lissafa tsawonsu. Robert Brown ya lura da irin wannan yawo a 1827, Einstein ya yi bayaninsa a 1905.

Me ya sa ake wannan wahala? A 2008 masana a Edinburgh sun gano dogaye na yi wa ɓeraye illa irin ta asbesto, gajeru kuwa ba su yi ba. Ga ido, ruwan duka ɗaya ne. Awo ne ya raba su.

Jama'a, nan darasinmu yake. Ƙwayar kwalara ta fi nanotub kauri nesa ba kusa ba, amma ita ma ido ba ya ganinta. A 2004 kwalara ta kwantar da dubban mutane a Duwala, New Bell ma ba ta tsira ba. Rijiyoyinmu ba su da zurfi, shadda na kusa, damina kuma na haɗa su. Ruwa ya yi garau ba shaidar tsabta ba ce. Tun da ba mu da lesa, a tafasa shi, ko a sa jabel gwargwadon yadda ma'aikatan lafiya suka koyar. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.