Taron Intanet: Sunaye Na Nan, Mutane Sun Tafi

An sa taro ƙarfe uku ta Zoom. Uku da kwata ana ta "Kuna ji na?" da "Malam, buɗe makirfonka." Wani ya manta nasa a buɗe, kowa na jin hon ɗin ɗan acaɓa da muryar uwargida tana aiken yaro. Sai mai gabatarwa ya shiga jero manyan baƙi, kowa da saraututtukansa da digirorinsa. Kafin babban mai jawabi ya yi sallama an kira La'asar. Daga nan sunaye ne kawai jere a fuskar waya, masu su sun kashe kyamara sun kama gabansu.

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 wannan salon taro ya shigo mana. A watan Mayu na shekarar har majalisar zartarwa ta tarayya ta zauna ta bidiyo, a azumin kuma malamai da yawa suka koma yin tafsiri ta rediyo da Facebook. Cutar ta lafa, salon ya zauna. Yau malaman jami'a da ƙungiyoyin sa-kai da masu horar da matasa a Dutse duk suna amfani da shi.

Masu shirya taro kan yi ƙorafi wai mutanenmu ba su da natsuwa. Ni ban yarda ba. A zauren taro kunya ce ke riƙe mutum a kujera, ga kuma sa ran abinci da kuɗin mota. A intanet ba idon da ke kansa, kuma shi ne ma yake biya. Ɗauki ɗalibin da ke zaune a unguwar Yalwawa ta Dutse: ya sayi data da kuɗin karin kumallonsa, datar da ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Wayar kuwa daga wurin mai caji ya karɓo ta, don ba wuta tun jiya. Ya jingine ta da bango, ya matsa kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi. Wannan ne za ka cinye wa minti ashirin da gaishe-gaishe?

Abin mamaki, dabarar riƙe mai sauraro ba baƙuwarmu ba ce. Dubi tafsiri. Mai jan baki ya ja aya, malam ya fassara, murya biyu na karɓa-karɓa, kunne bai samun sararin yin barci. Dubi shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyo irin su Freedom Radio Dutse, inda mutum zai jure dogon shiri don ya san za a buɗe layi ya faɗi tasa. Mu kuwa a taron intanet sai mu bar mutum ɗaya yana karanta rubutun da ke kan allo na awa guda, cikin Turanci, ga mutanen da in an tashi da Hausa za su yi hirar abin.

Zoom na kyauta yakan katse taro bayan minti 40, ana ta jin haushinsa. Ni ina ganin gata ya yi mana, don abin da bai faɗu a minti 40 ba a raba shi zama biyu. A sa mutum guda ya tsare akwatin saƙo, yana karanto tambayoyi tare da sunan mai tambaya tun ana tsakiyar jawabi. Wanda sabis ya yanke masa a tura masa taƙaitaccen saƙon murya ta WhatsApp.

Masu shirya taro, don Allah ku duba lokacin salla kafin ku sa lokaci, ku gaida manyan baƙi a jimla ɗaya, ku ba mai jawabi fili.