Bazarar Dagona da littafin binciken laifi

Idan Afrilu ta kama, tsuntsayen da suka yi hunturu a tafkin Dagona sun koma Turai, rana kuma tana dukan Gashuwa da Nguru ba sassauci. Bayan azahar babu mai iya aikin kirki sai neman inuwar darbejiya da ruwan randa. A ganina babu lokacin da ya fi wannan dacewa da karanta labarin binciken laifi, domin shi ne ke riƙe hankalin da zafi ya kasalar. Marubucin Italiya Andrea Camilleri ya gane haka sarai. Tun 1994 ya fara labaran ɗan sanda Montalbano a tsibirin Sisili, har ya gina littafi guda a kan zafin Agusta, inda gumi da gajiya ke dagula tunanin mai binciken kansa. Ƙarfin labaransa shi ne ya san garinsu: abincinsu, harshensu, da yadda jama'a ke yin gum idan hukuma ta zo tambaya. To mu me muka rasa? Tun 1982 Bature Gagare ya nuna da Ƙarshen Alewa Ƙasa cewa Hausa na iya ɗaukar labarin ta'asa. Ga fadamarmu cike da rigingimu: ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunci da manomi da makiyayi suna jayayya kan gaɓa ɗaya, ga masu farautar tsuntsaye a ɓoye. Ina son marubutan Yobe su ba mu mai bincike ɗan Bade, wanda ya san kwalekwale, yake jin Badanci da Barbarci da Fulatanci.