Takin Juji da Gubar Dalma: Kada Mu Manta da 'Yargalma

Da damina ta gabato, wasiƙun da ke zuwa wannan shafi ba su wuce kukan tsadar takin zamani, kuma wallahi kukan yana kan hanya. To amma yau ina roƙon ku ba ni aron filin naku, don in ja hankalinmu kan wani takin da ba a sayensa, wato na juji, wanda ake yi wa mangala a ɗora wa jaki a kai gona.

Dalilin maganar shi ne 'Yargalma, ta ƙaramar hukumar Bukkuyum a Jihar Zamfara. Wanda ya manta, bari in tuna masa. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ake kira Likitoci Na Gari Na Kowa, suka gano yara na ta farfaɗiya suna mutuwa a can, da Dareta, Abare, Sunke da Bagega ta wajen Anka. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ashe dalma ce. Dutsen zinariyar da ake kawowa cikin gida ana farfasawa, ana niƙawa da irin injin da ake niƙa dawa, cike yake da ita. Yara sama da 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Da aka auna ƙasar wasu wurare, an tarar a cikin kilo 10 na ƙasa, kilo 1 dalma ce.

A wannan shekarar aka kankare saman ƙasar gidajen 'Yargalma, kamar kaurin yatsu uku, aka binne a rami, aka zubo sabuwa. Bagega kuwa sai 2013, bayan an sha jiran kuɗin gwamnatin tarayya. Madalla da wannan aiki. Sai dai tsakar gida ake iya kankarewa, wa zai kankare gona?

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙasarmu ta jigawa ba abubuwa uku da ke cikin buhun NPK kaɗai take so ba. Akwai waɗansu sinadarai da shuka ke buƙata ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya, irin su zink, boron da ƙarfe. Kowace kaka mukan kwashe su: hatsi ya tafi kasuwar Gummi ko Gusau, kara ya tafi danni, harawa ta tafi turke, abin da ya rage a cinna masa wuta, iska da ruwa su share sauran. Buhun yuriya kuwa ba ya mayar da ko ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa wani lokaci za ka ga mutum ya zuba taki iya ƙarfinsa, amma masararsa ta tsugune, ganye ya yi fari-fari. Abin da ke mayar da su tun kaka da kakanni shi ne kashin dabbobi, toka da sharar gida. Saboda haka ni ban ce a bar takin juji ba, ko kusa.

Amma juji ba ya zaɓe, abin da aka share shi yake karɓa. Gidan da ake fasa dutse, ko maigida ya dawo daga ramin haƙa ya kakkaɓe rigarsa a tsakar gida, ƙurar nan a juji take ƙarewa, daga juji sai gona. Dalma ba ta ruɓewa kamar kashin shanu, ruwan sama ma ba ya wanke ta yadda yake wanke yuriya. Takan maƙale a saman ƙasa shekara da shekaru, daidai inda garma ke juyawa. Zaibar da ake kama zinariya da ita ma ba ta da gadon alheri. Mutanen birni kada su ce ba ruwansu: ruɓaɓɓen batir a bolar da ake kwasa zuwa gonakin kewayen Kano, da ruwan masana'antun jima na Challawa da ke biyo rafi zuwa lambuna, duk 'yan gida ɗaya ne.

Wani zai ce, to ashe dawar ma guba ce? A gaskiya abin da ke bi ta saiwa ya kai ƙwayar gero ko dawa bai taka kara ya karya ba. Mafi yawa ƙura ce: wadda ke kwanciya kan yakuwa da alayyahu, wadda hatsi ke ɗauka in an yi sussuka ko shanya a dandariyar ƙasa, da ta turmi ko injin da ya taɓa cin dutse. Abin tausayi kuma, yaron da jikinsa ya rasa ƙarfe da sinadarin ƙashi ya fi saurin zuƙar dalma.

Don haka, Malam mai gona, in ana sana'ar dutse a gidanka ko unguwarku, raba kashin turke da sharar tsakar gida. Na turke ya tafi gona, sharar a binne ta nesa da rijiya. Kada ka noma ganye kusa da wurin wanki ko tsohon tarin dutse. A yi shanya kan tabarma ko leda. Mai injin niƙa, don Allah injin dutse daban, na gari daban, kuɗin kwana ɗaya bai kai ran ɗan maƙwabcinka ba.

Ga hukuma kuwa, tunda gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamba 2024, bayan ta sa shi a 2019, ya kamata malaman gona su riƙa ɗibar ƙasar gonaki da fadamu ana aunawa, a kuma gaya wa manomi sakamakon da Hausa, ba a kulle shi a ofis ba.

Mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum, ku rubuto mana: an taɓa zuwa an auna ƙasar gonakinku? Fili naku ne.