Wasan Gwaninta Ma Sana'a Ne

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu girma, ina so in yi magana a kan wata sana'a da muke sha'awar kallonta amma muke raina masu yinta, wato wasan gwaninta irin na 'yan hoto da 'yan tauri da gardawa da 'yan dabo. Ra'ayina shi ne ya kamata a tace wannan wasa, a koyar da shi ga yara, har wanda Allah Ya ba shi baiwa ya riƙe shi abin neman abinci.

Dalilina na farko shi ne ƙarancin gona. Duk wanda ya san ƙasar Dambatta da Bichi da Makoɗa da Kunchi ya san gonaki sun haɗe da juna, babu sauran daji da za a sare. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ne suka raba ta gado. Damina kuwa wata huɗu ce ko biyar. Da an kai gero da dawa rumbu, sai samari su ɗaure kaya su tafi ci-rani Kano ko Legas. To, lokacin rani shi ne lokacin biki da naɗin sarauta da kalankuwa, lokacin da ake neman mai nishaɗantar da taro. Hausawa sun ce sana'a goma maganin mai gasa.

Na biyu, wasan nan namu ne tun kaka da kakanni. Ɗan hoto yakan cilla garma sama tana juyawa, ya tare ta ba tare da ta sare shi ba, ana kiɗa yana rawa. Wannan aiki yana bukatar ido da natsuwa da horo na shekaru. Haka 'yan Koroso na Jihar Kano, waɗanda suka yi suna tun shekarun 1970, suna lanƙwasa jiki kamar babu ƙashi, kacau-kacau na amo a ƙafafunsu. Bikin FESTAC da aka yi a Legas a 1977, da hawan dabarsa a Kaduna, ya nuna cewa baƙi daga nesa suna daraja wasannin gargajiyarmu.

Na uku, wasu ƙasashe sun riga mu gane amfanin abin. A birnin Mosko na Rasha an buɗe makarantar koyon irin wannan wasa tun 1927. A Habasha an kafa ƙungiyar Circus Ethiopia a Addis Ababa a 1991, da yara 'yan makaranta aka fara ta. A Gini kuma an kafa Circus Baobab a Konakiri a 1998, ta kai wasanta har Turai.

Na san abin da iyayenmu za su ce, kuma maganarsu abar dubawa ce. Za su ce wasa roƙo ne, akwai tsafi da shaye-shaye a cikinsa, ga kuma haɗari. Gaskiya ne wasu gardawa sun rasa rayukansu a bakin maciji, wasu 'yan tauri kuma sun mai da wuƙa abin faɗa. Amma wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa a kawo wasan gaban malami. Yaron da ba a koya masa a fili ba, zai bi 'yan wasa kasuwa-kasuwa ya koya a ɓoye, ya kwaso mai kyau da marar kyau. A makaranta sai a ajiye laya da kura da maciji da wuƙa, a ɗauki alkafura da tsalle da cafe-cafe da tafiya a kan dogayen sanduna. A fara a kan yashi mai laushi, da sanda marar nauyi kafin a kai ga garma, maza daban mata daban. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon hukumar makarantarmu ta gayyato wani dattijon ɗan hoto mai mutunci, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako yana aiki tare da malamin motsa jiki, a kuma biya shi ladansa kamar kowane mai koyarwa. Tsofaffin nan suna ƙarewa, kuma duk wanda ya rasu ba almajiri, ya tafi da iliminsa. Iyayenmu kuma ina roƙonku, in kun ga yaro da wannan baiwa, ku sa masa sharaɗin salla a kan lokaci da karatu da zuwa gona, sannan ku sa masa albarka. Allah Ya ba mu sana'a mai amfani, amin.